Notuna biyu da katin waya a cikin had-dis ɗina, da shagon da nake saya yanzu a Jos

Ina tsaye a kan mai gyaran lokacin da ya sa bakin sukudireba a gefen murfin had-dis ɗina, wato ma'ajiyar bayanan da ake jonawa a kwamfuta, ya ɓalle shi. Na saba ganin cikin had-dis, na san akwai ƙarfe mai nauyi da takardar kamfani manne a bayansa, a ciki kuma faifai ne mai juyawa. Wannan babu ko ɗaya. Notuna biyu ne manya, irin na ƙafar babur, an dasa su da farin gam don abin ya yi nauyi a hannu. A tsakaninsu wani ɗan allo ne da bai fi babban yatsa ba, an soka masa katin memori irin na waya. Mai gyaran ya zare katin ya ɗora a tafin hannuna ya ce, "Maigida, ka gani da idonka. Wannan bai wuce 32GB ba." A jikin kwalin da na riƙe a ɗaya hannun an rubuta 2TB da manyan baƙaƙe, wato 2,000GB.

Shekara tara ke nan ina ɗaukar hoto da bidiyon biki a Jos, daga Anguwar Rogo zuwa Rikkos, Gangare har Bukuru. A watan Disamba, lokacin da sanyi ke hana mutum fita da asuba kuma bukukuwa suka yi yawa, tsohon had-dis ɗina ya cika. Na shiga wani shago, wanda ba zan ambaci sunansa ba, na tarar da mai 2TB da sunan wani babban kamfani a jiki, kuɗinsa ya gaza na sauran wurare da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kwalin a rufe yake, da ledarsa, da wata takarda mai ƙyalli a bakinsa. Mai sayarwar ya ce, "Oga, gar a leda yake, gangariya ne, ragowar tsohon kaya ne shi ya sa ka ga sauƙi." Na jona a laftof ɗina nan take, ya fito, ya nuna fili mai yawa. Na tura hoto biyu, suka buɗe. Na biya na tafi.

A makon ne na yi aikin wani biki na kwana uku: kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, kai amarya ranar Asabar. Kati huɗu na cika, kowanne 64GB. Kullum da dare sai in juye a sabon had-dis ɗin. Na lura yana jan ƙafa, abin da ya kamata ya ƙare kafin in gama shan shayi sai ya kai ni tsakar dare, amma na ɗora laifin a kan laftof ɗin da ya tsufa. Duk foldojin suna nan, kowane fayil da sunansa da girmansa. Da na ga haka sai na goge katunan, domin ina da aikin suna ranar Litinin. Bayan mako guda na zauna haɗa bidiyon. Na farko-farkon suka buɗe lafiya. Daga nan duk wanda na taɓa, sai baƙin allo, ko kwamfuta ta ce ba ta gane fayil ɗin ba. Wanda ya taɓa riƙe amanar bikin 'yar mutane ya san abin da ya sauko mini a ƙirji a wannan daren.

Wani abokin sana'a ne ya tura ni shagon da nake son yin magana a kansa. Yana saman wani bene a kan Titin Ahmadu Bello, kafin ka kai Terminus, ɗaki ɗaya ne matsattse. Benci guda, tebur biyu, wata tsohuwar kwamfutar tebur da aka cire mata murfin gefe wayoyi suna leƙowa, sai inbata da batura biyu a ƙarƙashin tebur. Kowa Injiniya yake ce masa, yaransa biyu kuma suna ce masa Oga. Bai tambaye ni inda na saya ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Katunan da ka goge, ka sake ɗaukar wani abu a kansu?" Na ce ɗaya kawai na yi aikin suna da shi. Ya ce, "To kawo sauran ukun, kada ka ƙara sa su a kamara." Wannan tambayar ce ta sa na fara yarda da shi, domin ya bar abin da ya riga ya mutu ya nufi wanda ake iya cetowa.

Kafin ya fasa had-dis ɗin, sai da ya nuna mini ƙaryarsa a kan allo. Ya buɗe wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna ValiDrive, wadda ke leƙa wurare 576 daga farkon ma'ajiyar har ƙarshenta, ta rubuta abu a kowane wuri ta sake karantawa ta ga ko ya zauna. Tana zana ƙananan gidaje, kore in wurin na gaskiya ne, ja in babu komai. 'Yan gidajen farko suka yi kore, sauran allon gaba ɗaya ya rine ja. Bayanin da ya yi mini, da wanda na ƙara fahimta daga baya, shi ne kwamfuta ba ta auna girman ma'ajiya da kanta. Tambaya take yi, ɗan allon da ke ciki ya ba ta amsa, ita kuma ta yarda. Masu jabu suna sauya wannan amsar ne kawai. Ka ɗauka sito ne mai cin buhu talatin, amma magatakardan bakin ƙofa yana ta karɓa yana rubuta wa a littafi har buhu dubu biyu. Littafin yana nan daidai, sunan kowane buhu da nauyinsa, shi ya sa na ga foldojina cif. Buhunan da suka biyo bayan na talatin kuwa, ko dai an zubar da su, ko an danne na farko da su. Saboda haka gwajin da na yi a wancan shagon, na tura hoto biyu in ga sun buɗe, ba ya nuna komai. Hoto biyu suna shiga cikin buhu talatin ɗin farko.

Ya kuma nuna mini wani abu da ido zai iya kamawa. Had-dis na gaskiya mai 2TB, Windows yana nuna shi a matsayin 1.81TB, mai 1TB kuma 931GB, mai 4TB 3.63TB, saboda kamfanoni suna ƙirga da dubu-dubu, ita kuma kwamfuta da 1024. Mutane da yawa in sun ga 931 sai su ɗauka an cuce su, alhali wannan shi ne daidai. Nawa 1.90TB ya nuna. Wato ya fi na gaskiya cika baki. Injiniya ya ce kada in dogara da wannan shi kaɗai, domin wasu masu jabun sun iya saita lambar ta dace, amma in ka ga ta kauce to ka ajiye kayan.

Katuna ukun ya sa su a PhotoRec, wata manhajar kyauta da ke bin ma'ajiya tana tsinto fayilolin da aka goge muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. Ya gaya mini tun farko cewa bai yi alkawari ba, kuma in bai samo komai ba kuɗin zama kawai zan biya. Kwana biyu ya ɗauka. Ɗaurin aure ya dawo, kai amarya ya dawo, duk da cewa fayilolin sun zo babu sunayensu na asali, sai da na kwana ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina jerawa. Katin da na yi suna da shi shi ne na kamu. Wannan ya tafi, ban da ɗan abin da ya samu shiga katin jabun tun daren farko.

A wurinsa na sayi wanda nake aiki da shi yanzu, WD Elements mai 2TB, kuma yadda ya sayar mini shi ne dalilin wannan rubutun. Ya yanke ledar a gabana, ya jona, ya miƙo mini ya ce in kara a kunne. Za ka ji wani siririn gurnani, tafin hannunka kuma ya ji rawar faifan, domin irin waɗannan ƙananan yawanci suna juyawa sau 5,400 a minti guda. Nawa na jabu shiru yake kamar dutse, kuma mako guda ina riƙe da shi ban taɓa kula ba. Daga nan ya sa na karanto lambar siriyal ta jikin kwali, shi yana duba ta jikin had-dis ɗin, suka dace. Ya buɗe shafin garanti na kamfanin a wayarsa, ya shigar da lambar, shafin ya fito da irin kayan da girmansa da ranar da garantin zai ƙare. Seagate ma suna da irin wannan shafin. Ya ja kunnena cewa masu jabu sukan kwafi lambar gaskiya guda ɗaya su buga a kwalaye da yawa, don haka kada in tsaya a kan cewa lambar ta fito, in duba ko abin da shafin ya faɗa shi ne abin da ke hannuna. In shafin ya ce 1TB kai kuma kana riƙe da mai 4TB, ko ya ce garantin ya ƙare tun shekara biyu da suka wuce, magana ta ƙare.

Sai ya buɗe CrystalDiskInfo. Kowane had-dis na gaskiya yana da ɗan littafin lafiyarsa a ciki, wanda ake kira SMART, inda yake rubuta awa nawa ya yi a kunne, sau nawa aka kunna shi, da ko wasu sassan faifan sun fara lalacewa. Manhajar tana nuna alama shuɗiya in yana lafiya, rawaya in ya fara ciwo. Nawa sabon ya nuna shuɗi, awanninsa ba su kai ɗaya ba. Na jabun da muka gwada tun farko ko fitowa bai yi a manhajar ba, tunda katin waya ba shi da wannan littafin.

A nan ne na fahimci jabu iri-iri ne, kuma nawa shi ne mafi sauƙin kamawa. Akwai wanda za a ɗauko tsohon had-dis na laftof da ya sha aiki, a sa shi a sabon gida da sabon kwali. Wannan zai yi gurnani a kunne, zai ci kaya daidai girmansa, sai dai ya mutu a hannunka bayan 'yan watanni. Awannin SMART ne ke tona shi, in ba a taɓa su ba. Amma ana taɓa su. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise a Jamus ta bankaɗo yadda masu saye da dama suka karɓi manyan had-dis na Seagate, irin na manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, a matsayin sababbi, an mayar da awannin SMART ɗinsu sifili, alhali sun yi dubban awanni suna aiki. Abin da ya tona asirin shi ne wani littafi na biyu da waɗannan had-dis ɗin ke ajiyewa, mai suna FARM, wanda ake karantawa da manhajar smartmontools. Kamfanin ya ce ba daga hannunsa tsofaffin suka fito a matsayin sababbi ba. In har a Jamus aka yi wa masu saye haka, mu da kayanmu ke bi ta hannu biyar ko shida kafin su hau tudun Jos, ya kamata mu fi su bincike. Injiniya ya san wannan labarin, kuma ya ce duk wanda ya zo sayen babban Seagate na kyamarorin tsaro ko na ofis, yana gwada karanta masa littafin na biyu.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda yake cewa ba ya ƙarya, kuma shi ne mai cin lokaci. H2testw, tsohuwar manhaja ce daga Jamus, ita ma kyauta. Tana cika had-dis ɗin dam da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan ta dawo ta karanta kowane ɗigo ta ga ko abin da ta zuba shi ta tarar. Had-dis irin nawa yana rubuta wajen 100MB a daƙiƙa a kan USB 3.0, don haka cika 2TB yana cin awa biyar zuwa shida, karantawa ma kusan haka. Kwana guda ke nan, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiya sai a koma farko, shi ya sa baturan nan biyu suke ƙarƙashin teburinsa. Ya miƙo mini alƙalamin maka ya ce, "Maigida, sa hannu a bayansa, don gobe ka tabbata naka ne ka karɓa." Ban tambaye shi ba, shi ya kawo shawarar. Washegari na tarar da sakamakon a allo bai rufe ba, an rubuta an karanta babu kuskure ko ɗaya. Ya rubuta rasit da hannu, da lambar siriyal a jiki.

Wannan lambar a rasit na san darajarta ne lokacin da na koma wancan shagon da notuna biyu a leda. Rasit ɗina "had-dis 2TB" kawai aka rubuta. Mai shagon ya ce ina shaidar cewa wannan shi ne wanda ya sayar mini? Sai da maƙwabtansa suka sa baki, wani dattijo a cikinsu ya ce a ji tsoron Allah, sannan ya dawo mini da rabin kuɗin. Ya rantse cewa shi ma haka ya saro su a kwali. Ina iya yarda da shi, domin kwalin ya ruɗe ni ni ma. Amma wanda ya buɗe shago yana sayar wa mutane wurin ajiyar aikinsu, nauyi ne a kansa ya fasa ɗaya cikin kayan ya gwada kafin ya jera su a kanta.

Shagon Injiniya yana da nasa abin da zai dame ka. Kayansa sun fi na ƙasan bene tsada, kuma ba ya son ciniki, in ya faɗi kuɗi ɗan abin da zai rage ba ya taka kara ya karya. Ba ya tara kaya da yawa, in kana son mai 4TB wani lokaci sai ka jira mako. Ba ya buɗewa da wuri, ranar Juma'a kuma in ka wuce sha biyu sai bayan la'asar. Wurin zama babu, mutum uku sun cika ɗakin. Shi kansa ba mai yawan magana ba ne, in ba ka tambaya ba zai yi gwajinsa ya miƙo maka kayanka ba tare da ka san me ya duba ba, don haka ka tambaya. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin yaronsa yana da saurin hannu. Na ga wata baiwar Allah ta kawo filas da ya ƙi buɗewa, kwamfuta ta nemi a goge shi, yaron ya kai hannu zai danna kafin Ogansa ya daka masa tsawa. In kayanka na da muhimmanci, ka jira Injiniya da kansa, kada ka bar wa yara.

Yana sayar da na hannu ma, kuma yana kiransu na hannu. Kowanne da ɗan farin tef a jiki, an rubuta awannin da ya yi. Wanda zai zuba finafinai ko karatun malamai da zai iya sake samu, waɗannan sun ishe shi, kuma da sauƙi. Ni dai ba zan ɗora aikin mutane a kansu ba.

Tun daga lokacin, tallan da nake gani a Facebook na wani ɗan abu kamar akwatin ashana wai 16TB a kuɗin da bai kai na takalmi ba ya daina ba ni sha'awa. Kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya masu ƙera had-dis mai faifai: Seagate, Western Digital da Toshiba. Ƙaramin da ke shiga aljihu, wanda ba ya buƙatar a jona shi da wutar bango, mafi girmansa bai wuce 5TB zuwa 6TB ba. In kuma an ce maka SSD ne, wanda ba shi da faifai balle ka kara a kunne, to ka sani na gaskiya ya fi had-dis tsada nesa ba kusa ba a kan kowane terabait, kuma ba abin da zai raba maka gardama sai ka cika shi ka karanta. Haka filas, haka katin kamara. Katunan da na ƙara saya duk sai da suka kwana a teburin Injiniya, kuma yanzu ba na goge kati sai aikin ya zauna a wuri biyu, na kuma buɗe bidiyon ƙarshe na kalle shi har ƙarshensa.

Uwar amarya na je na same ta da kaina, ban aika ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, bidiyon kamu ya lalace a hannuna, kaɗan ne ya tsira." Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko wurin da yayarta da ta zo daga Bauchi ta fesa wa amarya turare tana sa mata albarka yana ciki. Ba ya ciki. Na ce zan mayar da kuɗin ranar, ta ce ba kuɗin ne damuwarta ba. Ƙanwar amarya ce ta kawo dabara, ta bi ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya ta karɓo abin da suka ɗauka da wayoyinsu, guda goma sha ɗaya, wasu a tsaye wasu a kwance, wasu hannu na rawa. A cikin na wata yarinya aka samu wurin turaren, daƙiƙa arba'in, an ɗauko shi daga bayan kawunan mutane, amma muryar tana fita sarai. Na haɗa shi a tsakiyar bidiyon yadda yake. Da na kai, Hajiya ta sa aka mayar mata da wurin sau uku.